Mrs Dalloway ya rikita ki? Ga inda ake kamo zaren

'Yar'uwa, kin ce kin kai shafi na 30 a Mrs Dalloway na Virginia Woolf, har yanzu kin kasa gane wa ke magana, kina tunanin ajiyewa. Don Allah kar ki ajiye. Turancinki lafiya lau yake, tsarin littafin ne ke buƙatar sabo.

Ya fito a 1925, kuma ba a yanka shi babi-babi ba. Labarin yini ɗaya ne tak a Landan, cikin watan Yuni na 1923: Clarissa, wato Mrs Dalloway ɗin, ta fita da safe sayen furanni saboda liyafar da za ta yi da dare. Abin da ke ɓatar da mai karatu shi ne Woolf kan fita daga zuciyar wani ta faɗa ta wani ba sallama. Amma tana barin sawu. Koma wurin da wata mota ta yi ƙara kamar harbin bindiga a titin Bond. Clarissa na cikin shagon furanni, ta zabura. Septimus, tsohon sojan da yaƙin duniya na farko ya taɓa wa hankali, yana gefen titi, shi ma abin ya tsayar da shi. Ta wannan motar aka tsallaka da mu zuwa cikin kansa. Haka ma jirgin da ke rubuta talla da hayaƙi a sararin sama: kowa ya ɗaga kai, kowa da abin da ya karanta.

To ki riƙe fensir. Duk inda aka sauya mai tunani, rubuta sunansa a gefen shafi. Duk sa'ad da Big Ben, babban agogon Landan, ya buga, ja layi, shi ne babinki. In kin ga sunan Bourton, gidan su Clarissa na ƙauye, an koma ƙuruciyar Clarissa ne, shekara talatin da wani abu baya. A nan mutane suka fi ɓacewa, domin sukan ɗauka Peter Walsh yau yake neman aurenta, alhali tuni ta ƙi shi.

Kada ki karanta shafi bibbiyu kina tashi, zaren tsinkewa yake. Shafi 20 a zama ɗaya ya fi. Kuma kar ki jira Clarissa ta haɗu da Septimus, ba sa haɗuwa. Labarin mutuwarsa kawai ke iske ta ana tsakiyar liyafa.

In ya ci gaba da yi miki nauyi, huta da littafin Woolf A Room of One's Own na 1929, wanda ya samo asali daga laccocin da ta yi wa ɗalibai mata a Cambridge. Littafinta The Waves kuwa, bar shi sai ƙarshe.