Nijar ta bar ECOWAS: in ƙara jari a harkar Maraɗi ko in janye?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce shekara tara ke nan yana kai robobi da sabulu da taliya Maraɗi, ya juyo da aya da wake, wani lokacin har da raguna idan Babbar Sallah ta gabato. Yanzu abokin hulɗarsa na can yana so a ninka masa kaya, ya biya rabi hannu da hannu, rabi kuma bashi na wata uku. Shi kuma hankalinsa bai kwanta ba, don tun da Nijar ta fice daga ECOWAS ake ta cewa kuɗin kwastan zai hau, za a daina karɓar sefa, za a fara neman biza. Tambayarsa ita ce: ya ƙara jari ko ya janye?

Alhaji, kada ka janye, amma kada ka amince da bashin wata ukun nan. Bari in faɗa maka dalili.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar da ke da ƙasashe 15 ta koma 12. A ranar da abin ya tabbata, ECOWAS ta umarci sauran ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, su bar su shiga ba biza, su kuma ci gaba da yi wa kayansu rangwamen kwastan kamar da, har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku, ƙarƙashin ƙawancensu na AES, sun riga sun ce a Disambar 2024 ɗan ECOWAS zai shiga ƙasarsu ba biza. Saboda haka maganar biza ka ajiye ta gefe. Abin da za ka riƙe shi ne wannan jimlar ta “har zuwa wata sanarwa”. A da, shigar kayanka Maraɗi haƙƙi ne da yarjejeniya ta rubuta, akwai kotun ECOWAS a Abuja, akwai inda gwamnatinka za ta kai ƙorafi. Yanzu alfarma ce, kuma wanda ya yi maka alfarma yana iya janye ta da takarda guda a daren Juma'a, motarka tana tsaye a Ɗan Isa, tashar kwastan ta Nijar a hanyar Maraɗi.

Mu zo kan lissafin kwastan, don a nan mutane suka fi ruɗewa. A ƙarshen Maris ɗin 2025 ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje. Ƙimarsa daidai take da harajin da ake tara wa ECOWAS a da. Idan kayanka na sefa miliyan 10 ne, sefa dubu 50 ke nan, jaka hamsin. Wannan ba ya karya ɗan kasuwa. Abin da ke karyawa shi ne ranar da aka daina ɗaukar kayanka a matsayin kayan gida. Tun 2015 yankin nan yana aiki da jadawalin kwastan mai matakai biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan masarufi da aka gama sarrafawa, irin waɗanda kake ɗauka, galibi suna can sama, a matakin 20 ko 35. A kan wancan kaya na miliyan 10, kashi 20 sefa miliyan 2 ne. Ka kwatanta jaka hamsin da miliyan biyu, za ka ga inda ya kamata ka sa ido. Harajin TVA na Nijar kuwa, wato VAT, kashi 19, da ma can rangwamen ECOWAS bai taɓa ɗauke shi ba, don haka kada wani ya ce maka sabon abu ne.

Akwai wani abu da 'yan kasuwarmu ba su cika lura da shi ba. Nijar ta fita daga ECOWAS, amma tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa, wadda ita ma take da nata tsarin shigar kaya ba kwastan. Mai sabulun Abidjan da mai robar Lome ƙafa biyu suke tsaye da ita a kasuwar Nijar. An cire ɗaya, ɗaya na nan. Najeriya da Ghana ba sa cikin UEMOA, kenan kai ƙafa ɗaya gare ka, kuma ita ce wadda take rawa. Abin da ya rufa maka asiri a yanzu shi ne kusanci. Daga Kano zuwa Maraɗi tafiyar yini ce ta Katsina da Jibiya. Shi kuwa mai kayan Lome, tun da Nijar ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanville da ke haɗa ta da Benin, sai ya ratsa Burkina Faso, ya jira rakiyar sojoji, kwanaki suna tafiya, kuɗin mota yana hawa. Wannan ne ya sa abokinka yake neman ƙarin kaya daga gare ka. Kasuwar gaskiya ce, amma tana tsaye ne kan wata iyaka da siyasa ta rufe, wadda siyasa za ta iya buɗewa.

Don haka aikin farko: ka ɗauki jerin kayanka ka raba gida biyu. Waɗanda aka ƙera a Najeriya daban, waɗanda aka shigo da su daga Sin ko Indiya aka sake ɗaurewa a Kano daban. Kashi na biyu da ma ba su da rangwame, ko ECOWAS na nan ko ba ta nan. Kashi na farko kuwa sai masana'antar ta sami rajistar ETLS, wato tsarin rangwamen kwastan na ECOWAS, a kan wannan kayan takamaimai, ba a kan sunan kamfani kawai ba, sannan kowane lodi ya tafi da takardar shaidar asalin kaya. Ƙa'idar ita ce ko kashi 60 na kayan haɗin daga yankin suke, ko an ƙara wa kayan darajar da ta kai kashi 30 a wurin sarrafawa, ko sarrafawar ta canza rukuninsu a jadawalin kwastan. Ka je wurin masana'antar ka nemi lambar rajistar a rubuce. Inda aka fi samun matsala shi ne sunan kaya a rasit ya saɓa da na takardar asali, ko nauyi ya bambanta, ko a cusa katan goma na kayan waje cikin lodin kayan gida. Da zarar jami'in kwastan ya ga haka, lodin gaba ɗaya zai yi wa kuɗi. Kafin ka ɗora kaya, ka sa mai fitar maka da kaya a Ɗan Isa ya rubuto maka abin da za a biya layi-layi, a kan kayan da za ka aika a wannan makon, kada ka dogara da lissafin bara.

Kayan da kake juyowa da su, amfanin gona da dabbobi, ba sa bukatar takardar asali. Haɗarinsu daban ne, kuma a ganina ya fi na kwastan girma. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, gero da dawa da masara da shinkafa, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi. Wanda ya riga ya ba da kuɗin raguna ɗari a ƙauyukan Maraɗi, ragunan nasa ne, amma ba hanyar ƙetaro da su, ga dusa da harawa kullum, ga Sallah tana wucewa. Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa a kan kayan da ba su ƙetaro ba. Ka yi ciniki a kan farashin sauke kaya a Jibiya ko Maigatari ko Illela, ko da zai ɗan fi tsada. Bambancin nan shi ne inshorarka.

Kuma adalci ne a faɗa cewa zama cikin ƙungiya ma bai taɓa hana irin wannan ba. Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 tana cikin ECOWAS. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ne ya tsayar da motoci a kan iyaka har albasa da tumatir suka ruɓe, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024, iyakar ta buɗe a Maris. Raɗaɗin wannan takunkumi yana cikin abin da ya sa ficewar ta sami karɓuwa a Yamai.

Maganar sefa. Har yanzu babban bankin BCEAO da ke Dakar ne ke fitar da ita, tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957. Shugabannin AES sun yi maganar kuɗinsu na kansu, amma canza kuɗin ƙasa ba aikin dare ɗaya ba ne. A 'yan shekarun nan naira ce ta fi ba 'yan kasuwa wahala: daga wajen 460 a kan dala a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ƙa'idar mai sauƙi ce: da kuɗin da za ka biya masana'anta, da shi za ka auna riba. Idan aka biya ka da sefa, ka mayar da ita kaya ko naira cikin mako guda, ko ka saya aya da ita nan take, kada ka ajiye ta kana jiran canji ya gyaru a kasuwar canji ta Wapa.

Wani zai ce ai ƙarshe za a daidaita. Mai yiwuwa ne, amma dubi tsawon lokacin. Mauritaniya ta bar ECOWAS a ƙarshen 2000, sai a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ita. Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a Janairun 2020, ta kuma sami yarjejeniyar ciniki ba kwastan, amma cike-ciken takardu da binciken asalin kaya suka sa ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka daina aika kaya Turai, manyan kamfanoni masu ma'aikatan takardu suka ci gaba. A namu ɓangaren akwai abin da ke ba da ƙwarin gwiwa: hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971 kuma ba ta rataye da ECOWAS ba, ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a Afrilun 2025, ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Ƙasashen biyu suna bukatar juna, sai dai bukatar ba ta hana rufe iyaka na wata takwas ba.

Ga abin da zan so ka ce wa abokinka. Ka yarda da ƙarin kayan, amma a raba shi lodi uku ko huɗu, kada a ɗora na gaba sai an biya na baya. Bashi kada ya wuce kwana 21, jimillar abin da kake bi a ƙetaren iyaka kuma kada ya haura kashi ɗaya bisa huɗu na jarinka. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Maraɗi, a fayyace wanda zai ɗauki sabon haraji idan ya fito kaya suna hanya, da wanda zai biya kuɗin kwanan mota idan an rufe iyaka. Idan yana da aya ko riɗi a ƙasa, ku yi musayar kaya da kaya a kan wani kaso na bashin, a auna a farashin ranar da aka sauke a Dawanau.