Amsa ga mai jegon da ta yi tambaya kan naɗe jariri a sanyin Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana shi ya sa mai albarka ne. Kin ce haihuwar fari ce, yaron kwanansa goma, kuna Angwan Rogo, ba ya barci sai an naɗe shi, kuma Hajiyar maigidanki ta ce a miƙe masa ƙafafu a ɗaure tam da zani don kada ya yi gwame, sannan a ƙara masa bargo saboda sanyi, ke kuma hankalinki bai kwanta ba. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin haihuwa a nan Jos, kuma ni ma na yi nawa jegon a cikin wannan sanyin, toh bari in gaya miki abin da nake koya wa masu jego kafin a sallame su.

Naɗewa ba laifi ba ce. Jariri sabon haihuwa yana da wata firgita da yake yi, ki ga ya watsa hannuwa ya zabura ya farka da kuka alhali ba abin da ya taɓa shi, wannan halitta ce, tana gushewa da kanta wajen wata huɗu zuwa shida. In an kama masa hannuwan da zani sai ya samu natsuwa ya yi barci. Shikenan amfaninta, ba ta miƙar da ƙafa, kuma ba dole ba ce, yaron da ba ya so a ƙyale shi.

Maganar ƙafa nake so ki riƙe da kyau don ita ce ba a gane ɓarnarta sai an makara. Kowane jariri da ƙafafunsa a ɗan lanƙwashe yake zuwa duniya saboda yadda ya zauna a ciki, kuma suna miƙewa da kansu wajen shekara biyu in ya fara tafiya sosai. Amma mahaɗar cinya da ƙugu a wannan lokacin guringuntsi ce, ramin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki bai gama zurfi ba, toh idan aka haɗe ƙafafun aka miƙe su aka ɗaure kullum, kan ƙashin yana iya zamewa daga raminsa, yaron ba zai yi kuka ba, ba za ki ga kumburi ba, sai ya fara tafiya a ga yana ɗingishi ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, a lokacin kuma gyaran ya zama na filasta ko tiyata. A Japan sun sha fama da wannan saboda suna da al'adar miƙe ƙafar jarirai, da suka yi gangamin hanawa a shekarun 1970 matsalar ta ragu ƙwarai. Mu kuwa Allah ya taimake mu da goyo, yadda yaro ke buɗe cinyoyi a bayan uwa gwiwoyi a sama, wannan zaman shi ƙugu yake so. Don haka a cikin naɗin ma ki bar masa wuri daga ƙugu zuwa ƙasa, ya iya tanƙwashe gwiwa ya buɗe cinya kamar kwaɗo.

Yadda za ki yi: ki samu zanin auduga mara kauri, tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi ta fi sabon shawul mai gashi da ake kawowa ranar suna, ki yanka ta kamar mita ɗaya kowane gefe. Ki shimfiɗa a kan katifa kusurwa ɗaya tana kallon sama, ki ninko wannan kusurwar ƙasa kaɗan, ki kwantar da shi kafaɗunsa daidai bakin ninkin, kai da wuya suna waje gaba ɗaya. Ki kwantar da hannu ɗaya a gefensa ko a kan ƙirjinsa, ki jawo zanin ta wannan ɓangaren ki ƙetara ƙirji ki cusa a ƙarƙashin bayansa, ki ɗago na ƙasa sakwa-sakwa ba tare da kin ja ƙafa ba, sai ki jawo ɗaya ɓangaren shi ma ki cusa. Ba fil, ba igiya, ba ƙulli. In kin gama ki zura yatsu biyu ko uku tsakanin ƙirjinsa da zanin, in ba su shiga ba ya matse da yawa numfashinsa zai takura, in kuma zanin na warwarewa da kansa shi ma haɗari ne don zai iya hawa fuskarsa, ki sake.

Kuma dan Allah duk lokacin da yake naɗe, rigingine za ki kwantar da shi, dare da rana, ba ruf da ciki ba, ba a gefe ba. Na san tsoron iyayenmu kada tumbuɗi ya shaƙe shi, amma lafiyayyen jariri yana haɗiyewa ko ya juya kai ya fitar. Yaron da aka kama wa hannu in fuskarsa ta nutse a katifa ba shi da abin da zai ɗago kansa da shi. A 1992 likitocin yara na Amurka suka ba da shawarar a daina kwantar da jarirai ruf da ciki, a 1994 aka fara gangami a kai, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu a can da fiye da rabi. Katifar ta zama mai ƙarfi, ba filo, ba tulin kaya a gefensa, gidan sauro kuma a cusa shi da kyau kada ya sauko masa.

Toh sai sanyinmu. Jos a kan tudu take, sama da mita 1,200, kowa ya san asubar Disamba da Janairu, kuma gaskiya ne jariri yana saurin yin sanyi musamman kwanakin farko, Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Amma wallahi abin da na fi gani a asibiti shi ne yaro an kawo shi cikin singileti da riga da suwaita da safa da hular ulu da shawul da bargo, a buɗe shi a tarar ya jiƙe sharkaf da gumi, wuya duk ƙurajen zafi, ya yi laushi ko nono ba ya iya kamawa. Zafi da yawa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan mutuwar ta cikin barci. Ki duba abin da ke jikinki ki ƙara masa ɗaya, zanin naɗin ma ki lissafa shi a ciki. Kada ki auna da tafin hannu ko ƙafa, su kullum da ɗan sanyi suke, ki sa hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ɗumi ake so, in kin ji gumi ki rage kaya, hula ce farkon cirewa in ɗakin da ɗumi. In kina da abin auna zafi, daga digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Celsius shi ne daidai. In kuwa kin ji jikinsa ya yi sanyi, maimakon ƙara bargo ki cire masa kaya ki bar famfas da hula ki manna shi a ƙirjinki fata da fata ki rufa ku biyun kina zaune idonki biyu, haka ake yi wa bakwaini ma.

Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa, babba ma ba ta bari ba balle ɗan kwana goma.

Naɗe yana sa barci mai nauyi, toh ki lura kada ya zarce lokacin nono, a waɗannan kwanakin nasa sau 8 zuwa 12 ake so ya sha a yini da dare, ki warware shi in za ki ba shi ya samu ya taɓa jikinki. Ranar da kika ga ya fara yunƙurin juyawa, wani tun wata biyu yake farawa, ranar za ki daina naɗe masa hannu kwata-kwata ko da zai yi rigima kwana biyu.

Ita kuma Hajiya kada ki yi musu da ita, jikanta take so. Ki ce ta raka ki allurar rigakafin sati shida ko ma kafin nan, ki tambayi nas a gabanta, ki roƙa a duba ƙugun yaron tunda an riga an ɗan ɗaure shi na wasu kwanaki. Amma in ya ƙi nono, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti ɗaya, ko zafinsa ya kai 38, ko idonsa da tafin ƙafarsa sun yi ɗorawa, kada ku jira gari ya waye, ku nufi asibiti mafi kusa ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo. Allah ya ƙara miki lafiya ke da shi.