Kasaru a Tafiyar Jirgi daga Kano zuwa Jidda

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Tudun Wadan Zariya nake, zan tafi Umra ta filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Tunda awanni kaɗan ne, kuma a zaune nake babu wahala, ya halatta in yi kasaru?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya halatta, a wajen Malikiyya ma sunna ce mai ƙarfi. Da nisan tafiya ake auna kasaru, ba a duba yawan awanni ko gajiyar jiki. Ma'aunin shi ne baridi 4, wato mil 48, wanda malaman wannan zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da ɗoriya. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi kasaru a tafiya kamar ta Makka zuwa Jidda ko Ɗa'ifa. Tsakanin filin jirgin Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kuwa, a miƙe ta sama, kusan kilomita 3,400 ne, ya ninka ma'aunin wajen sau 40.

Ba ma sai ka hau jirgi ba. Da ka wuce gidajen Zariya da lambunan da ke manne da su ka zama matafiyi, Azahar da La'asar da Isha'i sun koma raka'a bibbiyu. Amma in ka bi limami mazauni a masallacin filin jirgi, sai ka cika tare da shi.

Inda na fi ji wa maniyyata tsoro shi ne lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, jirgin kuma gabas ya nufa, don haka rana tana saurin faɗuwa. Mai dogara da agogon hannunsa zai iya ganin da sauran La'asar alhali Magariba ta yi. Ka yi aiki da matsayin rana a inda jirgin yake. Idan rana ta karkata kana ƙasa, kuma ka san sai bayan faɗuwarta za ku sauka, haɗa Azahar da La'asar kafin ku tashi. In lokaci ya riske ka a sama kuma zai fita kafin sauka, yi sallarka a tsaye idan an samu wuri, in babu, a zaune. A tafiya alƙibla tana wajen goshin jirgin, a dawowa tana baya.

Sai mikati, wato wurin da ake ɗaura niyyar harami. Mafi yawan malamai ba su ɗauki Jidda mikatin wanda ya taho daga Najeriya ba, saboda haka sanya haraminka tun daga Kano, ka yi niyya idan aka sanar an zo saitin mikati. Wanda zai fara da Madina, nasa mikatin Zulhulaifa ne, kusa da Madina.

Kasaru tana yankewa idan ka isa Makka da niyyar zaman kwana 4 cikakku. Allah ne mafi sani.