Google na iya gane inda nake ta Wi-Fi ko da GPS a kashe yake?

Malam, ka tambaya ko kashe GPS ya isa ya ɓoye wa Google inda kake. Bai isa ba.

Kowace rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, tana shelanta sunanta da lambarta ta MAC (lambar shaidar da ta keɓanta da ita) ga duk na'urar da ke kusa. Wayoyin Android kan tattara waɗannan lambobi tare da wurin da suka tsince su, su tura wa Google. Da zarar wayarka ta hango rauta biyu ko uku da aka riga aka sani, an gano unguwarku, wani lokacin har layinku.

Abin ya taɓa wuce nan. A 2010 kamfanin ya amsa cewa motocinsa na Street View, masu ɗaukar hotunan tituna, sun kwashi imel da kalmomin sirrin mutane daga Wi-Fi marasa makulli. Faransa ta ci shi tarar Yuro 100,000 a 2011, kuɗin da ko gezau bai sa shi yi ba.

Ka kulle rautarka da tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, ka ƙara _nomap a ƙarshen sunanta domin a cire ta daga taswirarsu. A waya kuwa, shiga saitin Location ka kashe Wi-Fi scanning, don shi ke ci gaba da laluben rautoci ko bayan ka kashe Wi-Fi ɗin.