Raba Lokacin Aiki da na Iyali ga Mai Aiki Daga Gida

Malam, ka tambayi yadda za ka hana aikin ofis cinye lokacin iyalinka tun da ka koma yin aiki daga gida, ga baƙi da kiran shugabanka sun hana ka sakat. A ganina, wurin zama ne farkon matsalar, domin mutanenmu na Sakkwato idan suka gan ka a zaure da kwamfuta, sukan ɗauka abokin hira kake jira. Ka keɓe ɗaki guda, komai ƙanƙantarsa, ka sanar da uwargida da yara cewa daga ƙarfe 8 na safe zuwa La'asar kana bakin aiki.

Ni nakan gama aiki mai nauyi da sassafe, musamman a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Bayan La'asar ka rufe kwamfutar, ka kashe layin aiki, ka bar WhatsApp Business ya riƙa amsa saƙo da kansa. Shugabanka kuwa, ka bayyana masa sa'o'in aikinka cikin ladabi tun ranar Litinin, kuma kiran da ya shigo bayan Isha'i ka bari sai da safe ka mayar.