Fanka na juyawa amma sikirin bai kawo komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa kwamfutar tebur da kaina, na kunna, fankoki na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. Kuma akwai wayoyi biyu masu haƙora takwas da suka yi kama, ban san wacce zan sa ba. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zargi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ko ram (ma'ajiyar wucin gadi), fara da wayoyin da ke fitowa daga akwatin wuta, wanda ke raba wa sassan kwamfuta lantarki, domin sau da yawa matsalar a nan take. Zare filogi daga bango tukuna, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu, ragowar wutar ta fita.

Madabod, wato babban allon da ake haɗa sauran sassan a kansa, na buƙatar wayoyi biyu. Akwai babbar mai haƙora 24 a gefen dama, sai ta furosesa mai haƙora 8 a sama ta hagu, wadda aka fi mantawa da ita. Idan ba ta shiga ba, abin da ka gani ne zai faru: fanka na aiki, hoto babu.

Wayoyin nan biyu da suka rikita ka ba ɗaya ba ne. Ta furosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, galibi an rubuta CPU a kanta. Ta katin hoto, wanda ke tura hoto zuwa sikirin, tana rabuwa shida da biyu, an rubuta PCI-E. Inda wutar bolt 12 take a ɗaya, a ɗayar ba nan take ba, shi ya sa aka bambanta siffar ramukansu. Idan ta ƙi shiga, don Allah kada ka tilasta mata.

Mai haƙora 24 kuwa tana da tauri, mutane da yawa sukan bar ta rabi don tsoron karya allon. Tallafe gefen madabod da yatsu, ka danna kan wayar a miƙe har ɗan harshen robar ya kama, ka ji ƙas. Sannan ka haska tocila ta gefe: bai kamata ka ga rata tsakanin kan waya da soket ba. Ɗan jawo ta, in ta motsa ba ta zauna ba.

Wannan ratar ba ƙaramin abu ba ce. Haƙorin da bai kama sosai ba zafi yake ɗauka har roba ta narke. Haka aka gani a 2022 da katin RTX 4090 na Nvidia, mai wayar da take sabuwa a lokacin, da ke ɗaukar har wat 600, inda kamfanin ya ce yawanci rashin tura ta ƙarshe ne sanadi.

In akwatin wutarka irin mai cire wayoyi ne, yi amfani da waɗanda suka zo da shi kaɗai. Wayar wani kamfani na iya shiga daidai, amma jerin wutar ya saɓa, ta ƙona maka had dis, ma'ajiyar fayilolinka, nan take.