Wa ya fara yin takarda, Misirawa ko Sinawa?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa Misirawa ne suka ƙirƙiro takarda, amma kwanan nan na ji ana cewa wani Basine ne mai suna Cai Lun. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, Sinawa ne, amma ba a kan Cai Lun aka fara ba.

Abin da Misirawa suke yi shi ne bardi: su yayyanka karan wani tsiro na bakin kogin Nilu, su jera shi a gicciye, su danne ya bushe. Ita takarda sai an dake kayan haɗinta sun yi laushi, an dama su cikin ruwa, an tsamo da mataci, zaruruwan su sarƙe da juna. Wannan dabarar a ƙasar Sin aka samo ta.

Kafin nan Sinawa a kan tsagin gora da katako suke rubutu, su ɗaure da igiya, masu hali kuma su yi a kan siliki. Gora ga nauyi, siliki ga tsada. Masanin tarihi Sima Qian ya ruwaito cewa sarki Qin Shi Huang awo ake yi masa na wasiƙun da zai karanta kullum, ba ƙirge ba.

Cai Lun baba ne, wato dandaƙaƙƙen bawan sarki, a fadar daular Han da ke Luoyang, kuma shi ke kula da masu ƙera kayan sarki. A shekara ta 105 Miladiyya ya kai wa sarki He takardar da aka yi da ɓawon itace, guntayen zaren wani tsiro mai kama da rama, tsummoki da tsofaffin komar kamun kifi. Sarki ya yaba, daga baya aka ba shi sarauta, har aka riƙa kiran takardar da sunansa. Rikicin fada ne ya ci shi, ya sha guba a 121.

Sai dai a 1986, a wani kabari da ke Fangmatan cikin lardin Gansu, an tono guntun takarda mai zanen taswira wadda aka ƙiyasta ta ƙarni na 2 kafin Miladiyya ce, wato ta riga aikinsa da fiye da shekara 200. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin rage masa daraja. Ni ban ga haka ba. Takardar farko kaushi gare ta, akasari naɗe kaya ake yi da ita. Shi ne ya gyara ta ta karɓi tawada da kyau, kuma ya yi ta da abin da ake zubarwa a juji. Ka duba kayan nan huɗu, babu wanda talaka zai rasa. Nan ne girman aikin yake.

Duk da haka gora ba ta kau nan take ba. Sai wajen shekara ta 404 Huan Xuan, wanda ya ƙwace gadon sarauta a lokacin, ya ba da umarni a daina rubuta takardun hukuma a kanta.

Daga Sin sana'ar ta shiga Koriya da Japan. Ana yawan cewa Sinawan da Musulmi suka kama a yaƙin Talas na 751 ne suka kai ta Samarkand, wani birni a ƙasar Uzbekistan ta yau, kodayake masana da yawa na ganin ta riga su isa yankin. Kafin ƙarshen ƙarni na 8 dai ana yin ta a Bagadaza, zamanin Haruna Rashid.